Digiri Guda a Kan Teku

Tun da aka ƙera jirgin sama, ba a taɓa samun Bagobirin da ya ɓata hanya a sararin samaniya ba. Magana ce tabbatacciya. An faɗe ta a taro, an tafa, kuma Alhaji Abbas, shugaban Ƙungiyar 'Yan Bokon Gabashin Gobir, ya sa an rubuta ta da shuɗin fenti a ƙasan allon da za a kafa a bakin wani titi a Sabon Birni. Iyakar sanin ƙungiyar, Gobirawan da ke tuƙa jirgi a kan teku su biyu ne: Kyaftin Malami, wanda za a sa wa titin sunansa, da mijin 'yarsa, Hafizullahi mutumin Isa.

Kyaftin Malami ya fi shekara talatin yana ƙetare Tekun Atlantika, kuma duk zuwansa gida sai ya yi wa mutane bayanin yadda ake yi, ko sun tambaya ko ba su tambaya ba. Yakan zauna a ƙofar gida bayan la'asar, ya zana layuka a ƙasa da sandarsa. A tsakiyar teku, in ji shi, babu tsamiya, babu gulbi, babu mai rake a bakin hanya da za ka tambaya. Na'urar da ke hango jirage daga ƙasa ma ba ta kai can. Sai dai a ba kowane jirgi layinsa da lambobi, digiri kaza arewa, digiri kaza yamma, a shigar cikin kwamfuta, ita kuma ta riƙa tambayar taurarin ɗan Adam inda take. Tsakanin wannan layi da wancan digiri guda ne, wato mil sittin. Jirgin zamani kuwa ba ya kauce wa layinsa ko da faɗin zauren nan. Masu sauraro, waɗanda kafin su hau hanyar Isa sai sun buga waya sun ji ko tana da lafiya, in ba ta da lafiya su zaga ta daji a kan babur, sukan girgiza kai su ce ilimi ke nan.

Kuma gaskiya ya faɗa. Na'urar ba ta ɓata. Inda aka ce ta je nan za ta, daidai wa daida, ko da wanda ya faɗa mata ne ya yi kuskure.

Hafizullahi maraya ne. Kyaftin ya gan shi a ranar raba kyaututtuka ta wata sakandare, ya tura shi makarantar tuƙin jirgi, ya nemo masa aiki a kamfanin da yake yi wa aiki, daga baya ya ba shi 'yarsa ta fari, Safiyatu. Da yaron ya isa hawa manyan jirage, Kyaftin da kansa ya je wurin masu tsara aiki ya ce a riƙa haɗa su tafiya ɗaya, don a ce a gida suruki da suruki ne suka kai jirgi Amurka. Kamfanin bai ga aibu ba. Littafin ƙa'idojinsa Turawa ne suka rubuta, mutanen da ke kiran uban matarsu da sunansa, har su dafa masa kafaɗa.

Shi kuwa Hafizullahi an yi masa tarbiyya. A cikin wannan ɗan akurkin da matuƙa ke zama, gwiwa kusa da gwiwa, bai taɓa kallon Kyaftin ido da ido ba. Bai taɓa cin abinci a gabansa ba. Ma'aikatan jirgin sun daɗe suna zaton gyambon ciki ne da shi, wasu kuma suka ce yawan azumin nafila ne. Sai an ba shi hutu ya shiga ɗakin kwana na baya yake cusa abinci da sauri. Karanta jerin abubuwan dubawa bai dame shi ba, domin da Turanci ake yi, Turancin aiki kuwa ba shi da kunya. A littafin har akwai shafin da ya koya wa ƙaramin matuƙi yadda zai ce wa babba ya yi kuskure, da yadda zai ƙwace jirgin in babban ya ƙi ji. Hafizullahi ya haddace shafin, ya ci jarrabawa a kansa.

Abin ya faru ne a wata tafiyar rana daga Legas. Sun yi nisa a kan ruwa sai masu kula da zirga-zirgar jirage a kan teku suka aiko saƙo, suka ce an canza musu layi, a matsar da wani wuri da ke gaba digiri guda zuwa arewa, domin an ba wani jirgi tsohon layin. Kyaftin ya karɓi saƙon da kansa, ya shigar da kansa, domin ba ya son kowa ya taɓa masa kwamfuta a kan teku. Yatsansa ya buga lambar da ya saba bugawa shekara da shekaru. Ƙa'ida ita ce ɗayan ya duba ya tabbatar. Hafizullahi ya duba, ya gani sarai.

Ya sunkuyar da kai ya ce, da Hausa, “Ranka ya daɗe, ko a sake duba saƙon?”

Kyaftin bai juyo ba. Ya ce shi yana ƙetare ruwan nan tun wasu suna goye a bayan uwarsu. Ya danna maɓallin.

Daga nan Hafizullahi ya yi abin da duk ɗan mutunci ke yi in yana da magana mai nauyi da surukinsa: ya nemi wanda zai aika. Akwai ma wanda ya dace. Matuƙi na uku a jirgin wani Bayarabe ne mutumin Ogbomosho, taubashin Bagobiri tun kakanni, wanda ke kiran Kyaftin bawansa, yana tambayarsa wace mage ce ta yage masa kumatu. Shi kam ba abin da ba zai iya faɗa ba, a yi dariya a gyara lamba. Sai dai yana barci a ɗakin baya, kamar yadda doka ta ce. Hafizullahi ya yi lissafi, ya ga wurin da aka yi kuskuren yana da nisa, Bayaraben zai tashi kafin a kai. Lissafinsa daidai ne. Abin da bai sa a ciki ba shi ne kirkin surukinsa. Da lokacin tashin ya yi, Kyaftin ya ce a ƙyale bawan Allah ya ƙara barci, ya ga gajiya a idonsa tun a ƙasa.

Jirgin ya karkata a hankali, ba wanda shayinsa ya zube. Ya bi layin da aka ba wani, daidai, ba tare da ya kauce ko da faɗin zaure ba. Da kwamfutar ta aika rahoton inda suke, sai saƙo ya zo daga ƙasa ana tambayarsu ina suke zaton suke. An riga an ce wa wani jirgi mai ɗauke da mutum kusan ɗari uku ya hau sama da gaggawa ya ba su wuri. Da Bayaraben ya shigo yana mutsuke ido, ya kalli allon kwamfuta, ya kalli su biyun. Ranar bai kira kowa bawansa ba.

Na'urar naɗar murya ta wannan jirgin tana shafe tsohuwar magana ta ɗora sabuwa, saboda haka kafin su sauka babu abin da ya rage a cikinta sai gaisuwa da masu filin jirgi. Kwamfuta ta riƙe lambar da aka buga, amma ba ta san yatsan wa ba ne. Kamfanin ya ajiye su biyun a ƙasa, ya kafa kwamiti. Kyaftin, wanda 'yan watanni suka rage masa ya yi ritaya, ya shaida wa kwamitin cewa a gaskiya bai tuna wanda ya shigar da lambar ba, amma kowa ya san a al'ada ƙaramin matuƙi ne ke shigarwa. Saura a ji ta bakin Hafizullahi. Wanda ya buga lambar, kamfanin zai sallame shi, ya kuma kai sunansa ga masu ba da lasisi. Kwamitin ya yarda ya saurare shi ta waya, aka sa ranar Asabar, ranar da za a buɗe titi.

Hafizullahi da Safiyatu da 'yarsu Basira suka sauka a Isa, gidan Kawu Illo, ƙanen mahaifiyarsa. Kawu Illo manomi ne, gonarsa tana Tozai, amma an yi damina da dama bai kai ƙafarsa can ba, gidan nan kaf daga albashin Hafizullahi yake ci.

Ana saura kwana kaɗan Alhaji Abbas ya iso cikin ayarin motoci, da goro da turare. Kyaftin ma ɗan mutunci ne, ba ya magana mai nauyi da surukinsa baki da baki. Aka shimfiɗa tabarma a zaure. Alhaji Abbas ya gaishe su, ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya tambayi farashin gero a kasuwar Bafarawa, ya yi bayanin yadda fenti ya yi tsada. Ya ce ƙungiya ta gayyaci mutane daga Sakkwato, har da 'yan'uwa daga ƙetaren iyaka. Ya ce mutum irin Kyaftin ba na gidansa ba ne shi kaɗai, na ƙasa ne, in ya faɗi da mutane da yawa zai faɗi. Yaro kuwa yana da lokaci. Yau ya yi tuntuɓe, gobe an manta.

Hafizullahi yana kallon tabarma ya ce, “Baba Alhaji, ba ni na shigar da lambar ba.”

“Wa ya ce kai ne? Mu ba mu ce komi ba. Cewa munka yi ka tuna da kyau. Mutum shina iya yin abu cikin gajiya shi manta.”

Kawu Illo ya nemi a yi masa bayani. Ya tambaya ko wani ya mutu, aka ce a'a. Ko jirgin ya faɗi, aka ce a'a. Ko an kai mutane garin da ba nasu ba, aka ce an kai su inda za su, har da sauran lokaci.

“To mi anka ɓata?” in ji shi. “Mil sittin cikin sama, inda babu gonar kowa. Ni nan in za ni Sabon Birni zagayen da nika yi ya kusa hakan, ba a kafa mini kwamiti ba.”

Hafizullahi ya fara bayanin ɗayan jirgin, da gudun da jirage ke yi, da abin da zai faru in biyu suka haɗu a layi ɗaya. Kawu Illo ya ɗaga hannu. Ya ce shi bai san sama ba, amma ya san ƙasa. Mutumin da ya ɗauke ka kana maraya, ya ba ka sana'a, ya ba ka ɗiyarsa, ba ka tsayawa gaban baƙi ka ce yatsansa ne. In an kore ka, Allah ne mai ciyarwa. In ka tona shi, shi Illo ba zai sake iya shiga kasuwa ba. Ya faɗi haka da cikin da albashin nan ya cika da safe, kuma da zuciya ɗaya ya faɗa, wannan ne ma abin da ya fi ɗaga hankali. Alhaji Abbas ya yi addu'a, aka shafa, ya raba goro.

Safiyatu ta ji komai daga bayan ƙyaure. Ita mai haɗa magunguna ce a wani asibiti a Legas, ta saba da aikin da in ka ga lamba ba daidai ba sai ka faɗa, ko wane ne ya rubuta. Ta ce ita za ta yi wa ubanta magana. Ta buga masa waya. Da ya ji muryarta sai ya miƙa wa uwarta, kamar yadda yake yi tun da aka ƙirƙiro waya. 'Yar fari ce. Bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa zama ya yi hira da ita ba, in zai ambace ta sai ya ce waccan. Kowa a Sabon Birni yana yaba masa wannan kunya.

Sai ta gaya wa uwarta, Hajiya Maimunat, dalla-dalla: a faɗa masa ta san bai manta ba, kuma in ya bar mijinta ya ɗauki laifin nan, ba za ta sake taka gidansa ba. Hajiya Maimunat ba ta sa baki a harkar aikin maigida, saboda haka ta je wurin yayarsa, Gwaggo Kadijatu, ta ce ran Safiyatu ya ɓaci, tana roƙo a duba lamarin yaron. Gwaggo Kadijatu ta jira ya gama cin abinci, ta ce masa yaran nan suna cikin damuwa, suna neman ya sa su a addu'a. Kyaftin ya ji tausayi ƙwarai. Washegari aka kawo rago Isa a kan babur, an ɗaure shi a bayan ɗan acaɓa, tare da saƙon cewa yana yi musu addu'a kullum.

Safiyatu ta tsaya a tsakar gida tana kallon ragon yana cin ƙaiƙayi. Da ta shiga ɗaki ta tarar da mijinta yana goge takalmin da zai sa ranar Asabar.

Ta ce, “Baban Basira, ubana ne, na san shi. Ka faɗi abin da ya faru. Ni ba inda za ni, ko duk garin nan sun daina gaishe mu.”

Ya ce in ya faɗa, za su tambaye shi ko ya duba lambar. In ya ce ya duba, za su tambaye shi me ya sa ya gani ya yi shiru.

“To me ya sa?”

Sai ya ba ta labarin da bai ba kowa ba, na Bayaraben da ke barci, da lissafin da ya yi, da yadda ya zauna yana kallon agogo yana jiran manzo. Ya ba da labarin a natse, kamar mai fatan a gane masa. Ta saurara har ƙarshe. Ta taɓa hawa jirginsa zuwa Amurka, da Basira a cinya, tana jin daɗi idan aka ambaci sunansa a lasifika.

“Da ni da Basira muna ciki fa?” in ji ta. “Shi ma sai ka jira ya tashi?”

Ya ci gaba da goge takalmin, wanda ya riga ya yi ƙyalli. Ta ɗauki 'yarta ta koma ɗakin matar Kawu Illo, a can ta riƙa kwana har ranar taron.

Ranar Asabar hanya tana da lafiya, aka isa Sabon Birni da hantsi. Titin Kyaftin Malami ya taso ne daga bayan kasuwa ya nufi gulbi, an zuba masa jar ƙasa an daddaɓe. Da an bar shi da miƙewa zai yi, amma a tsakiya ya yi kwana ya zaga katangar Alhaji Abbas, wadda ta ɗan shigo hanya shekarun baya lokacin da yake ƙara ɗakuna. An kafa rumfuna, an jera kujerun roba, janareto yana ta ƙugi. Allon yana tsaye an lulluɓe shi da farin yadi, an zuba siminti a gindinsa da safen nan, domin mai walda bai gama ba sai jiya.

An yi jawabai. Wani ya kwatanta Kyaftin da tauraron da matafiya ke bi. Wani ya ce a wannan zamani da kowa ya kauce, ga mutum ɗaya da ya miƙe. Hafizullahi yana benci na can baya, inda ya dace suruki ya zauna, hularsa a daidai, wayarsa a hannu.

Da aka miƙa wa Kyaftin makirfo, ya yi bayanin layuka da digiri da taurarin ɗan Adam, wannan karon ba sanda sai hannu. Daga nan ya sauke murya. Ya ce abin da ke ba shi tsoro shi ne yaran yanzu. Sun dogara da na'ura, ba su dubawa, ba su tambaya. A wasu kamfanoni, in ji shi, har an fara samun yaro ya buga lamba ba daidai ba, ya jefa rayukan bayin Allah cikin haɗari, ya bar manya da jin kunya. Ya ce shi a zamaninsu in ka ga kuskure faɗa kake yi, ko na wane ne. Aka tafa sosai. Wasu tsofaffi suka juyo suna neman yaran yanzu da ido.

Ana cikin tafin wayar Hafizullahi ta yi ƙara. Ya tashi a sunkuye ya bi bayan rumfuna, ya wuce masu tuwo da manyan tukwanensu, ya hau wani tudun shara a bayan injin niƙa, inda sabis ya fi kamawa. Daga nan yana jin lasifika, yana kuma hango gefen mata, inda Safiyatu ke zaune da Basira a cinya, ba ta tafa ba.

Wata mata ce ke shugabantar kwamitin, mai sanyin murya, tsohuwar matuƙiya. Ta gaishe shi, ta ce ana naɗar maganar. Kafin ta yi tambayar sai da ta share masa hanya. Ta ce matuƙi na uku ya shaida musu cewa a duk tafiyar da ya yi da Kyaftin Malami bai taɓa ganin ya bar wani ya taɓa kwamfuta a kan teku ba. Ta ce wasu matuƙan ma sun faɗi haka. Ta ce kwamitin ya san dangantakar da ke tsakaninsu, kuma ƙaramin matuƙin da ya ga kuskure ya kasa faɗa, horo ake sake ba shi, ba kora ba. Abin da suke so kawai su san yadda jirgi mai lafiyayyar na'ura ya tsinci kansa a layin wani, don kada a sake. Sannan ta tambaye shi wa ya shigar da lambar.

A lasifika mai gabatarwa yana kiran manyan baƙi su matso a yaye allo.

Hafizullahi ya amsa da Turanci, harshen da ba shi da kunya. Ya ce shi ne. Ya ce Kyaftin ya karanto masa sabuwar lamba daidai, shi ne ya buga tsohuwa, kuma da aka tambaye shi ko ya duba ya ce ya duba.

Matar ta ce ko yana so ya ɗan huta ya sake tunani, za su iya kiransa gobe. Ya ce babu buƙata. Ta tambaye shi ko ya san abin da wannan amsar ke nufi ga aikinsa da lasisinsa. Ya ce ya sani. Ta ce to, da wata irin murya, kamar wadda ta taka wani abu a hanya. Ya yi mata godiya, ya tambayi iyalinta, ya kashe wayar.

Da ya sauko daga tudun an riga an yaye yadin, ana ta ɗaukar hoto. Alhaji Abbas ya hango shi, ya ɗaga gira. Hafizullahi ya gyaɗa kai. Alhaji Abbas ya yi hamdala a ɓoye, ya raɗa wa Kyaftin wani abu a kunne, Kyaftin ya lumshe ido ya ce Allah ya yi wa yaron albarka.

Sai dai sakataren ƙungiya, wanda ya karanta lauya bai gama ba, ya ja Alhaji Abbas gefe ya nuna masa shuɗin rubutun da ke ƙasan allon. Ya ce in labari ya fito cewa yaron ya ɓata hanya, to an samu Bagobirin da ya ɓata hanya ke nan, kuma fenti ya riga ya bushe. Alhaji Abbas ya sa aka kira wani dattijo da ya san asalin gidaje. Dattijon ya yi tunani, ya tuna cewa kakan Hafizullahi na wajen uba ai daga wajen Shinkafi ya zo da jakunan gishiri, ya zauna a Isa don ya ga kasuwa. Bazamfare ne. Ko zane babu a fuskarsa. Kowa ya tuna da haka nan take, har da Kawu Illo, wanda ya ce dama tun lokacin auren 'yar'uwarsa an yi maganar. Aka bar allon yadda yake.

Aka fara fito da abinci. Kyaftin ya wanke hannu a ƙarƙashin babbar rumfa, manyan baƙi suka kewaye shi. Safiyatu ta goya Basira, ta ratsa ta gaban rumfar ba ta durƙusa ba, ta nufi tashar babura. Mata suka ce kunyar 'yar fari ce.

Wani ya lura allon ya fara karkata gefe guda, domin simintin bai kama ba, ga yara suna ta jingina. Mai walda ya ce ba wani abu ba ne, a dai samu wanda ba shi da abin yi ya riƙe shi a miƙe har simintin ya sha iska. Aka duba, kowa hannunsa da miya. Hafizullahi, wanda dama ba zai ci a gaban surukinsa ba, ya naɗe hannun rigarsa, ya je ya kama ƙarfen da hannu biyu. Rana ta gasa ƙarfen, yana ƙuna. Ya ɗan tura shi hagu, ya rufe ido ɗaya ya auna da katangar Alhaji Abbas, ya tsaya yana riƙe.